Yadda Ake Rubuta Labarin Soyayyar Kirsimeti Ana Tsakiyar Zafi, da Yadda Ake Karanta Shi

Littattafan soyayyar Kirsimeti da ke cika kantuna a Amurka da Ingila daga watan Oktoba, yawancinsu a lokacin zafi aka rubuta su ko aka gyara su. A Yuni da Yuli da Agusta, lokacin da rana ke ƙwallewa a can, marubuciya na zaune gaban fanka tana siffanta dusar ƙanƙara da murhun jin ɗumi. Kasuwa ce ta tilasta haka. Irin wannan littafi kwanakin cinikinsa ba su wuce makonni goma ba, kuma daga 26 ga Disamba masu saye sai su watse. Wanda ya jira sanyi ya shigo kafin ya ɗauki biro, daidai yake da telan da ya fara yankan ɗinkin Sallah ranar jajibere.

Manyan kamfanonin ɗab'i irin su Harlequin na Kanada da Mills & Boon na Landan sukan karɓi rubutu kusan shekara guda kafin fitowarsa, wani lokacin fiye. Masu buga littafinsu da kansu kuwa sukan yi komai cikin wata huɗu ko biyar. Su ne wannan bayanin ya fi shafa, tare da marubucin Hausa da ke son fitar da labarinsa a Disamba.

Fara da kalanda, ka ƙirga baya

Kafin ka raɗa wa jarumarka suna, ka tsai da ranar fitowar littafin. Tsakiyar Oktoba zuwa makon farko na Nuwamba shi ya fi. Tashar Hallmark ta Amurka, wadda tun 2009 take jera fina-finan Kirsimeti duk shekara, a cikin Oktoba take farawa, kuma daga lokacin ne hankalin masu karatu ke karkata.

Littafin soyayya irin na waɗancan kamfanoni yakan kai kalma 50,000 zuwa 70,000. Gajeren kuma 20,000 zuwa 40,000. Ɗauki na kalma 50,000. In kana rubuta kalma 1,000 a rana, kwana biyar a mako, makonni goma za ka yi. Ka fara 1 ga Yuni, ka gama wajen 10 ga Agusta. Sai ka ajiye shi kwana goma kada ka leƙa. Gyaran da za ka yi da kanka makonni uku, zuwa 10 ga Satumba. Edita makonni uku, zuwa farkon Oktoba. Shigar da gyare-gyarensa da tsince kurakuran rubutu makonni biyu. Ka ga littafi ya shirya tsakiyar Oktoba, kuma babu ko mako ɗaya na rashin lafiya ko biki ko rasuwa a cikin lissafin. Saboda haka mai hankali yakan fara tun tsakiyar Mayu.

Edita da mai zanen bango tun Yuni ake kama su. Duk masu littafin Kirsimeti a wata ɗaya suke neman su, wanda ya zo a Satumba sai ya tarar layi ya cika. Wanda zai sayar ta Amazon ya sani cewa ana iya buɗe odar littafin waya har shekara guda kafin fitowarsa, amma dole a ɗora cikakken rubutun aƙalla awa 72 kafin ranar. Wanda ya saɓa, ana hana shi buɗe irin wannan odar na tsawon shekara. Kada ka sa ranar da ba ka da tabbacin cika ta.

Marubucin da ke sakin labarinsa kashi-kashi a Wattpad ko a zaurukan WhatsApp yana da tsari mai daɗi: kashi 24, daga 1 zuwa 24 ga Disamba, kowanne kalma 1,200 zuwa 1,500. Sharaɗin dai a gama rubuta duka kafin a saki na farko. Labarin da ke bin kwanakin wata ba ya jure fashin rana ɗaya.

Ka tsai da wuri, don wurin ne zai ba ka yanayi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba dusar ƙanƙara a ko'ina. Landan ba ta cika ganin ta ranar Kirsimeti ba. Abin da ake samu a can shi ne yayyafi, sanyi mai laima da sararin sama mai launin toka, kuma rabon da ƙasar ta wayi gari fari fat a yawancin sassanta ranar 25 ga Disamba tun 2010. In kana son ƙanƙara ta rufe hanya ta tsare masoyanka a gida ɗaya, kai su tsaunukan Sikotilan, ko jihar Bamont ta Amurka, ko cikin Kanada.

In kuma zafin ya hana ka hango sanyi sam, akwai mafita ta gaskiya. A Ostareliya da Afirka ta Kudu Kirsimeti a tsakiyar zafi yake faɗowa. Mutanen Sidini bakin teku suke zuwa, ana cin jatan lande da abinci mai sanyi, washegari kuma a zauna kallon wasan kurket na Melbon. Labarin da aka kafa a can yana da masu karatunsa, kuma gumin da kake yi shi ne kayan aikinka.

Wanda zai rubuta da Hausa ga masu karatun gida, yana da nasa sanyin. Disamba tsakiyar hunturu ce. A Jos, wadda ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, dare yakan yi sanyin da sai da rigar sanyi da bargo. Iyalan Kirista na Jos, Kafancan, Wusasa ta Zariya da Sabon Garin Kano suna da Kirsimetinsu da ba ya bukatar aro daga Turai: ɗinkin sababbin kaya, tashoshin mota cike da masu tafiya gida, kuɗin mota ya hau, suyar cincin da kaji, shinkafa da miya da ake aika wa maƙwabta, waƙoƙin Zumuntar Mata da tuluna da kacau-kacau. Shi ma wannan marubucin a zafi zai fara aikin, domin Afrilu da Mayu su ne ƙololuwar bazara, lokacin da ko tunanin bargo mutum ba ya son yi.

Yadda ake gina sanyi alhali jiki na gumi

A nan aikin ya fi wuya, a nan kuma ake gane rubutun da aka yi a Yuli. Marubucin da ke cikin zafi yakan ambaci sanyi sau ɗaya a farkon babi, sai ya manta. Jarumai su tsaya hira a waje minti arba'in ba wanda ya motsa ƙafa. Jaruma ta fito da gudu ba ta ɗauki kwat ba. Wani ya danna waya da safar hannu mai kauri.

Babban abin da ake mantawa shi ne haske. A Yuli rana ba ta faɗuwa a Landan sai wajen tara na dare. Wajen 21 ga Disamba kuwa sai bayan takwas na safe take fitowa, ta faɗi kafin huɗu na yamma, hasken yini bai kai awa takwas ba. A Niyok wajen huɗu da rabi duhu ke shigowa. Duk wata fitowa da ka sa bayan an tashi daga aiki, a cikin duhu da hasken fitilun titi take faruwa. Ka rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta na garin labarinka a takarda, ka manna inda idonka ke kaiwa.

Sannan ka bi sanyin ta jikin mutum. Hanci na yoyo. Yatsu su mutu, in an shiga ɗumi kuma su dawo da zugi kamar ana soka allura. Mai tabarau yana shiga ɗaki mai ɗumi gilashin ya yi hazo, dole ya cire ya goge, kuma wannan daƙiƙa biyar ɗin da ba ya gani sosai ta isa jaruma ta ƙare masa kallo. Shiga gida aiki ne: a karkaɗe takalmi, a cire shi a bakin ƙofa, a warware mayafin wuya, a rataye kwat. Sabuwar dusar ƙanƙara tana haɗiye sauti, unguwa ta yi tsit. In sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili, sai ta riƙa ƙara a ƙarƙashin takalmi, kuma ba ta dunƙuluwa, don haka yara ba za su iya jifan juna da ita ba a ranar. Batirin waya na saurin mutuwa. Kafin a tayar da mota da safe sai an kankare gilashi.

Na hunturu kuwa: leɓe na tsagewa, kaushi a diddige, man kaɗanya ko basilin a aljihu, ƙura ta kwanta a kan gira da gashin ido, wanki ya bushe cikin awa guda. Ruwan randa da asuba ba ya taɓuwa, sai an ɗora na wanka a wuta. Rana ta fito fara sol mutum na kallonta ido ba ya zafi. Hazo kan hana jirage tashi a Kano da Kaduna, wanda ya isa ya tsare jarumin da ke shirin gudu. Ka lura hunturu sanyin dare da safiya ne, tsakar rana yakan yi ɗumi. Wanda ya sa jarumarsa cikin bargo ƙarfe biyu na rana, mutanen Jos za su gane bai sani ba.

Ƙa'ida mai sauƙi a wajen gyara: kowace fitowa ta samu abu biyu na yanayi, ɗaya a jiki, ɗaya a abin da ake yi. Fiye da haka ya zama rahoton hasashen yanayi.

Akwai dabarun taimaka wa ƙwaƙwalwa. Ka riƙe ƙanƙara a tafin hannu na minti ɗaya, ka rubuta abin da ka ji daga farko har bayan ka saki. Ka tafasa kirfa da kanumfari da ɓawon lemo, domin ƙamshin abin shan Kirsimeti na Turai ke nan, kuma hanci ya fi ido saurin dawo da yanayi. Kiɗan Kirsimeti marar baiti yana taimakawa, mai baiti yakan shiga cikin jimlolinka. Wannan ba sabon abu ba ne ga masu fasaha: Sammy Cahn da Jule Styne sun rubuta shahararriyar waƙarsu ta dusar ƙanƙara ne a Holiwud cikin tsananin zafin Yulin 1945. Fina-finan Kirsimeti da yawa ma a Kanada ake ɗaukar su lokacin zafi, da ƙanƙarar roba da kumfa, 'yan wasa na gumi cikin kwat.

Shi kansa zaman rubutun, da sassafe ya fi, daga bayan asuba zuwa takwas, kafin ɗaki ya ɗau zafi. Kada a ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo, don yana toshe mata iska ta yi zafi ta mutu. A kwafe aikin kowace rana zuwa imel ko wani wuri na biyu.

Kirsimeti ya zama agogon labarin

Ga gwajin da za ka yi wa tsarinka: cire Kirsimeti, ka mayar da labarin watan Maris. In bai canza ba, ado kawai ka yi masa. Ranar 25 ga Disamba ya kamata ta zama wa'adin da ke matsa wa jarumai: ranar da za a sayar da shagon gado, ranar da hutun jarumi zai ƙare, ranar da iyali za su haɗu a kan abinci kuma an riga an ce musu akwai wanda za a kawo.

Raba kalma 50,000 zuwa babi 20, kowanne 2,500, ka sa kwanan wata a kan kowane babi tun kafin ka fara. Jarumai su haɗu a babi na ɗaya, in ya yi nisa na biyu. Zuwa babi na biyar, wani abu ya ɗaure su tare yadda ba mai iya zamewa, ko shirya bikin waƙoƙin coci, ko hanyar da ta rufe, ko alkawarin ƙarya. Babi na goma su gane abin da ke zukatansu. Babi na sha biyar ko sha shida, wajen 22 ko 23 ga wata, komai ya wargaje. Daren 24 ko safiyar 25 su shirya. Babin ƙarshe ya faɗo a sabuwar shekara ko Kirsimetin baɗi. Mai sayen littafin soyayya ya biya kuɗinsa ne a kan su ƙare tare, kuma a na Kirsimeti ba a yafe wa wanda ya saɓa wannan.

Matsalar da ke tattare da tsarin ita ce makonni uku sun yi kaɗan ga baƙi biyu su kai ga aure. Hanya biyu ce. Ko dai a ba su tarihi, su zama tsofaffin masoya ko abokan ƙuruciya ko abokan aiki da suka daɗe suna gaba. Ko kuma a ƙare da alkawari mai ƙarfi, a bar baiko sai babin ƙarshe bayan shekara. A labarin da aka kafa a gida, inda aure na iyaye ne da dangi da magabatan coci, ƙarshe mai gamsarwa yana iya zama ranar da ya je gaida iyayenta.

Saɓanin da zai raba su kada ya zama rashin fahimtar da kiran waya ɗaya zai warware. Ya fito daga abin da kowannensu ke tsoro. Kirsimeti na ba da wannan a sauƙaƙe, domin lokaci ne da ake jin rashin wanda ya rasu, ake jin talauci, ake jin tsohuwar gabar 'yan'uwa. Littafin da duk mutanensa ke murna daga shafin farko ba shi da abin da zai ba mai karatu a shafin ƙarshe. Ka sa wa aƙalla ɗaya daga cikin jaruman dalili na gaske na ƙin wannan lokaci. Amma a kula da sikeli, kada baƙin ciki ya danne littafin har mai neman hutu ya ajiye shi.

Al'adu kuma kada a cakuɗa su. A Ingila ana cin talo-talo, ana jan 'yan kwalayen takarda masu fashewa a teburin abinci, ana sauraron jawabin Sarki ƙarfe uku na rana, kuma jiragen ƙasa ba sa aiki ranar 25, har da na ƙarƙashin ƙasa na Landan. Jarumin da ka sa ya hau jirgi ranar don ya cimma masoyiyarsa, ƙarya ka yi. Ranar 26 hutu ce a Ingila da Najeriya, amma ba hutun ƙasa ba ce a Amurka, inda lokacin ke buɗewa da bikin godiya na Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Sumba a ƙarƙashin reshen kauci al'adar can ce, ba ta da gurbi a falon gida a Kafancan. Kibɗawan Masar da mabiya cocin gargajiya na Habasha kuma 7 ga Janairu suke bikinsu.

Ka yanke tun farko ko labarin na addini ne ko na iyali da shagali, don masu karatunsu daban ne, haka ma iyakar abin da za a nuna tsakanin masoya. In ba a cikin addinin ka tashi ba, ka nemi wanda ya tashi a ciki ya karanta maka kafin edita. Ɗarikun sun bambanta. Katolika na da Fada da sujadar dare, ECWA da COCIN na da Fasto ko Rabaran da nasu tsarin. Wanda ya musanya su ya ɓata wa ainihin mutanen da ya rubuta labarinsu rai.

Karatun

Marubuci zai yi nasa karatun kafin ya fara, a Afrilu ko Mayu. Littattafai biyar da suka fito cikin shekara biyu ko uku da suka wuce, masu irin yanayin da kake nufi, sun isa. Karanta kowanne sau ɗaya don daɗi, sannan ka koma da biro: a shafi na nawa suka haɗu, a ina aka ɗaure su, ranar nawa ga wata suka rabu, sau nawa aka ambaci sanyi a babi. Da ka fara naka rubutun, ka daina karanta irinsa, in ba haka ba muryar wani za ta shigo maka ba ka sani ba.

Mai karatu don nishaɗi kuwa, Yuli lokacinsa ne. A Amurka akwai al'adar Kirsimetin watan Yuli, Hallmark na maimaita fina-finanta, marubuta da yawa kuma na karya farashin littattafansu na bara ko su bayar kyauta na 'yan kwanaki. A ɗakunan karatu ma littafin da ake layi a kansa a Disamba yakan zauna ba mai nema. A Ostareliya kuma Yuli ne tsakiyar sanyi, shi ya sa otal-otal na yankin tsaunukan yammacin Sidini ke shirya liyafar Kirsimeti a watan.

A zafi hankali ba ya daɗewa a kan shafi, don haka gajeren littafi ko tarin gajerun labarai ya fi, wanda za a gama a zama biyu ko uku. Da dare bayan iska ta sauko ya fi armashi, domin yawancin fitowar labarin a duhu da hasken fitila suke. Wanda ido ke masa nauyi ya nemi na sauti. A duba sharhin masu karatu kafin a saya don a san ko na kamun kai ne ko mai bayyana komai, saboda bangon ba ya faɗa: duka biyun da jan launi da kore da hoton dusar ƙanƙara suke zuwa. In littafin na cikin jerin da aka kafa a gari ɗaya ne, a duba ko yana tsayawa da kansa, don na Kirsimeti sau da yawa shi ne na huɗu ko na biyar, cike da ma'auratan littattafan baya.

Wanda ya fitar da littafi a Oktoba, Yuli ne kasuwarsa ta biyu. A tsarin KDP Select na Amazon ana ba marubuci kwana biyar na bayar da littafi kyauta a cikin kowane kwana 90. Ka adana su zuwa mako na uku na Yuli, ka sa babin farko na sabon littafin a ƙarshen tsohon, tare da wurin yin odarsa.